Itacen da Na Sare Maka

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san ba mai kai maka takardar nan. Wata bakwai ke nan da aka kai ka makwancinka. Na fita takaba, na koma aikin kula da tsohuwar nan ta unguwar Harlem. 'Yarmu Nusaiba lafiyarta ƙalau, har yau in na yi mata Hausa da Turanci take mayar mini. Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Maganar itacenka ce.

Masu lambun unguwa, inda muke da ɗan feginmu, suna so a tuge shi. Shugabar ta ce irinsa yana bin iska, ya tsiro a fegin mutane har da gindin katanga. Ta kuma ce sunansa ma yaudara ce: malam-buɗe-littafi kan zo ya sha zaƙin furen ya tafi, amma ba ya ajiye ƙwai a jikinsa, tsutsarsa ba ta cin ganyen. Ranar Asabar za a ɗaga hannu a yanke hukunci. Da kana nan na san da sai an ji muryarka a ƙarshen unguwarmu ta Soundview.

Ka tuna yadda sunan ya samu? Ka tambayi Baturen da ya sayar maka, ya ce su itacen malam-buɗe-littafi suke ce masa da yarensu, saboda ba abin da ke tara su kamarsa. Ka dawo kana murna kamar an yi maka haihuwa. Ka samo guntun katako, ka rubuta sunan da Hausa, ka kafa. Duk wanda ya wuce sai ka tare shi ka koya masa, har tsohuwar nan mai yaren Sifaniyanci sai da ta iya faɗa, tana karya harshe kana gyara mata. Ni kuwa ci-ma-zaune nake ce masa. Ba a miya da shi, ba a shan ganyensa, ga shi ya tare wa yakuwata da kuɓewata rana a fegin da bai fi tabarma uku ba. Kai dai ka tashi daga tuƙi, ka zauna a kan bokiti kana kallon ƙwari, sai ka ce biyanka suke.

Alhaji, ni na sare shi.

Shekara uku da suka wuce, a ƙarshen sanyi, ranar da ka tafi kai fasinja filin jirgi, na ɗauki makullinka na lambun da ɗan zarton nan, na yanke shi saura taƙi ɗaya ya taɓa ƙasa. Haushi nake ji. Na ɗauka za ka yi faɗan kwana biyu ka haƙura, in samu wurin shuka. Ban taɓa zaton za ka ɗora wa Malam Isufu ba, mutumin Maraɗi mai fegin da ke jikin namu, don kawai ya taɓa cewa inuwar tana kashe masa tumatir. Ka kira shi mahassadi a gaban jama'a. Ya rantse, ba ka saurara ba. Mutumin da kuke tafiya Juma'a tare shekara goma, ka daina amsa sallamarsa.

Abin takaicin, ashe irin wannan itacen sara yake so. Da zafi ya shigo ya tofo ya fi da, fure har yana rinjayar rassa. Ka shigo gida kana cewa Allah ya kunyata mahassada, ni ina zuba maka tuwo. Sau nawa maganar ta zo mini baki na haɗiye? Da farko tsoron faɗanka ne. Daga baya kunya ce, don kullum da aka ƙara kwana sai laifin ya ƙara nauyi. Ina ta cewa gobe, har ciwon nan ya kwantar da kai kwana huɗu kacal.

Ka san wanda ya shiga kabari ya karɓe ka? Malam Isufu. Shi yake ba itacen ruwa tun da ka tafi. Katakonka ya ruɓe, ya sake wani, sai dai bai rubuta sunan da ka sa ba. Itacen Alhaji ya rubuta, haka kowa ke kiransa yanzu. A taron da ya wuce shi kaɗai ya miƙe ya ce ba za a taɓa shi ba, zai riƙa yanke furen da ya bushe kafin ya zubar da iri. Ina zaune a bayansa na kasa ɗaga kai.

Raina a dagule yake, Alhaji. Ka koma ga Allah kana gaba da ɗan'uwanka Musulmi a kan laifin da bai yi ba, kuma ni ce sanadi. Za a tambaye ka? Ko ni za a tambaya? In sallah nake, wannan ne ke faɗo mini.

Na yanke shawara. Ranar Asabar, kafin a ɗaga hannu, zan je wurin Malam Isufu in faɗa masa komai, in roƙe shi ya yafe maka. Wataƙila ya ji ya zare hannunsa, a tuge itacen a gabana. Ba zan ga laifinsa ba. Shi dai yana da kunnen ji da bakin da zai ce ya yafe. Kai fa, ta ina zan same ka?

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, kada ya kama ka da abin da hannuna ya yi.

Taka mai neman gafararka,
Hadiza