Rigimar Ruwa Ta Sa Maigidana Ya Ajiye Na'urar Numfashinsa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san in kika ji a kan ruwa muke faɗa da maigidana za ki yi dariya, ni ma da wata ce ta ba ni labarin da na dara. Amma yau kwana tara ke nan ba ma magana sai gaisuwa.

Maigidana direba ne, shi yake ɗaukar ma'aikatan wani kamfani a bas safe da yamma. Shekararmu goma sha shida da aure, kuma tun ina amarya yake minshari. Har na saba, sai dai yakan yi shiru ɗif kamar an ɗauke wuta, sannan ya zabura yana jan iska. Na yi magana har na gaji, ya ce gado ne, haka mahaifinsa yake. Bara sai gyangyaɗi ya kwashe shi a danja, bas ta gangara ta daki motar gabansa. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni, amma wurin aiki suka tura shi asibiti. Aka gwada barcinsa, likita ya ce numfashinsa na tsayawa sau da yawa cikin kowace awa. Aka haɗa shi da wata na'ura mai hura iska, da dogon tiyo da abin rufe hanci. Yara har giwa suke ce masa a ɓoye.

Anti, na ga canji. Mutumin da yake barci da loma a baki ya dawo yana hira da 'ya'yansa, ciwon kan safe ya tafi.

To na'urar tana da ɗan tanki da ake zuba ruwa don kada iska ta busar da hanci. Nas ta ja mini kunne, ta ce tataccen ruwa na tururi kaɗai za a zuba, irin wanda ake sayarwa a kemis. Ni kuwa na riƙe maganar gam. Matsalar ita ce kemis ɗin unguwarmu yau akwai, gobe babu, sai na rufe shagon ɗinkina na hau mota biyu kafin in samo. Shi kuma in ya ga ya ƙare sai ya tari famfo ya cika abinsa, wai ruwan da ya raya shi shekara hamsin ba zai kashe shi ta hanci ba. Cikin wata guda tankin ya yi farin kanzo kamar gindin butar shayi. Na kankare da wuƙa, na bar masa zane-zane. Na koma tafasa ruwan, kanzon bai fasa ba. Yayarsa ta zo ta ce iyayi ne kawai irin nawa, tun da na shiga asibiti sau biyu na zama likita.

Abin da ya ɓata komai shi ne ranar da abokinsa bakanike ya kawo masa jarkar ruwan batir, ya ce ai duk ɗaya ne da na kemis. Jarkar ma da tabon baƙin mai a jikinta. Raina ya ɓaci, na ɗauka na tuttular a kwata a gaban baƙon, na ce maigidana ba mota ba ne da za a riƙa yi masa sabis a gareji. Na san na yi kuskure, ba sai kin faɗa mini ba. Da baƙon ya tafi maigidana ya naɗe tiyon, ya sa na'urar a jakarta, ya ɗora a saman kwaba. Ya ce tun da abin ya zama nawa, in riƙa sawa da kaina.

Yanzu minshari ya dawo, idonsa jawur da safe, kuma haka yake fita da mutum talatin a bayansa. Duk kiran da ya shigo wayata sai gabana ya faɗi. In bar shi da ruwan famfon ne? In na bari ya jawo masa ciwon ƙirji fa? Ko in je in gaya wa shugabansa? Na gaji, Anti, ina ƙoƙarin kare ransa amma ni ce na zama abokiyar gaba.

Daga matar direba

Amsa:

'Yar'uwa, ban yi dariya ba. Amma ke da maigidanki kun bar jaki kuna dukan taiki. Haɗarin gidanki yana saman kwaba cikin jaka. Kwana tara ba na'ura ga mai tuƙa jama'a ya fi wata tara na ruwan famfo muni. Don haka a sauko da ita yau, ko da wane ruwa mai tsabta ne. In ma babu, yawancin irin waɗannan na'urori suna aiki in an kashe ɓangaren ɗumama ruwan, hanci ne kawai zai ɗan bushe. Ki duba takardar da ta zo da taku.

Nas ta faɗi gaskiya, ke ma haka. Tataccen ruwa shi ya fi, domin ba ya barin kanzo kuma tsabtarsa ta fi tabbas. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ma'adinan da ke kama tanki, shi ya sa kika ga bai daina ba. Ruwan batir na gareji kuwa kada ya kusanci na'urar, ba don shaƙa aka yi shi ba, kuma ba ki san abin da jarkar ta taɓa ɗauka ba.

Shi ma maigidan bai ɓata gaba ɗaya ba. In na kemis ya yanke, 'yan kwanaki da ruwan kwalba ko tafasasshe da ya huce ba abin tashin hankali ba ne, muddin kowace safiya an zubar da ragowar, an wanke tankin an bar shi ya bushe. Kanzon kuma a jiƙa shi da farin khal, wato binega, haɗe da ruwa, a ɗauraye sosai. Ki ajiye wuƙa. Tankin da kika kankare a canza shi, datti na maƙalewa a zanen. Ki kuma roƙi mai kemis ya riƙa ajiye miki da yawa lokaci guda.

Sai maganar da ta fi ruwa nauyi. Namijin da ya yi barci a bakin aiki, aka rataya masa tiyo a fuska, yana ɗauke da kunyar da ba zai furta ba, ke kuma kika ƙara masa a gaban abokinsa. Ki ba shi haƙuri kan wannan kaɗai, ba tare da "amma" ba. Sannan ki gaya masa tsoronki kamar yadda kika gaya mini, ki kuma danƙa masa kula da tankin. Na'urarsa ce, ki daina leƙawa. Yaran ma a kwaɓe su.

Kada ki fara da shugabansa. Ku koma wurin likita tare, ya ji daga bakin da ba naki ba. In ya ƙi, ki kira babban da yake jin maganarsa cikin makon nan. Amma ki faɗa masa a fili cewa ba za ki rufe baki ba in ya ci gaba da tuƙa mutane yana gyangyaɗi, domin su ma akwai masu jiran dawowarsu.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya kai shi ya dawo da shi lafiya kullum.