Da Kun Ce Mana Kansa Ce, Da Bai Koma Wurin Wanzami Ba

Zuwa ga babban likitan sashen jini,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Ranar da na koma asibitinku karɓar takardar rasuwar mijina, Malam Idi tela na unguwar New Bell, wata likita ta duba sunansa ta ce ai ciwon nasa kansar jini ce, irin mai tafiya a hankali. Shekaru muna zuwa wurinku, ranar na fara jin likita ya kira ciwonsa da sunan nan. Ga ƙorafina guda biyu.

Na ɗaya. Da fuskarsa ta fara ja, jikinsa na ƙaiƙayi in ya yi wanka, ku kuka ce jini ne kawai ya yi masa yawa, a riƙa ragewa, ya riƙa shan ƙwaya. Na tambaya ko kansa ce, aka ce a'a.

Na biyu. Ranka ya daɗe, a wurinmu in jini ya yi yawa, ƙaho ake yi. Malam ya ce me zai sa ya rufe shago ya wuni a layi, alhali wanzami na bayan masallaci? Ya bar ƙwayar, ya koma ƙaho. Ni ce ma mai dafa masa ruwan gashi. Yana kan keken ɗinki jikinsa ya shanye, bai sake magana ba har ya rasu.

Likitar ta ce ku likitoci ma kun rabu: wasu na kiran wannan cuta kansa, wasu na gudun firgita mara lafiya. Ban yi zurfin karatu ba, amma na san mijina. Da ya firgita, da ya sha maganinsa. Kwana ne ya ƙare, na yarda. Amma gaskiyar ciwonsa hakkinsa ce.

Roƙona, ku tsaya kan suna ɗaya, ku faɗa wa mutum da Hausar da zai gane, ku ce masa ƙaho ba ya maye gurbin magani. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a hannunka.

Maƙwabcinmu Alhaji Sale ciwonsu ɗaya da marigayi. Na yi masa magana, ya ce tunda likita bai ce kansa ba, ni wace ce? Jiya ma na ga wanzami ya shiga gidansa. Har yau babu likitan da ya kira shi.

Wassalam.

Hauwa'u, matar marigayi Malam Idi
New Bell, Douala