Wanda Ke Bayan Waƙafi

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025
Wata biyu da ɗoriya ya rage a yi JAMB. Yau na shiga babin da ke kayar da yara kowace shekara: jimlar Turanci da ke buɗewa da wani aiki kafin waƙafi. Na rubuta a allo, "Coming back from Adabka market, the motorcycle was stolen." Na ce, babur ne ya je cin kasuwa? Aji ya kwashe da dariya. Nazir ya ce, "Ko shi na, Malama, ya hi ni sanin hanya." Doka guda ce: wanda ya yi aikin farko, shi zai tsaya bayan waƙafi. Ina son ajin nan. Wata huɗu ke nan da aka turo ni Bukkuyum daga Gummi, yau ne na ji kamar gida.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na ce kowa ya kawo tasa jimlar. Zuhura, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta fito ta rubuta, "Having shown them the road, my father was taken away." Ni kuwa da zumuɗi na ce, a yadda kika rubuta, babanki ne ya nuna musu hanya. Sai ta ɗaga murya. "Baba bai gwada ma kowa hanya ba!" Na ce, to wa ya nuna? Sa shi bayan waƙafi. Har alli na miƙa mata.
Ta rubuta Makau.
Sai da aka tashi Nazir ya gaya mini jimlar ba ƙirƙira ba ce. Da damina 'yan bindiga suka ɗauke baban Zuhura a gona, har yau shiru. Makau shi ne mai sayar da fetur a tasha. Dija da ke zaune a layi na biyu 'yarsa ce.
Da mayafina na goge allon.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Zuhura ta zo. Dija ba ta zo ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Innar Zuhura ta same ni a gida da hantsi. Ko ruwan da na kawo ba ta taɓa ba. Abin da ya tsaya mini: "Malama, mu nan 'an' muka cewa. An zo, an ɗauka, an tahi. Kowa ya san wa, amma ba a hwaɗi. Da 'an' ɗin ga munka kai yau." Na fara yi mata bayani wai dokar nahawu ce, sai kunya ta rufe mini baki. Ta ce idan maganar ta isa daji, yarinyar za a zo nema.

Litinin, 10 ga Fabrairu
Duk babur da ya tsaya a ƙofar makaranta sai na leƙa ta taga. Na rubuta kwanan wata ba daidai ba, yara suka gyara mini.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Makau ya zo da kansa lokacin hutun tara. Fara'a kamar me. Wai ya ji sunansa ya shiga boko. Na ce ni na ba su jimlar, misali ne kawai, sunan da ya zo mini a baki ke nan. Ya dube ni ya daɗe. "Malamar Gummi ce ke, ko? Hanyar ga taku ba ta da kyau yanzu. A dinga kula."
Na yi godiya. Godiya fa!
Bai yarda ba, na gani a idonsa.

Talata, 18 ga Fabrairu
Jiya da safe Zuhura ta bi motar kasuwa zuwa wajen gwaggonta. Ta isa lafiya, alhamdu lillahi. Littafinta na nan a jakata, ban san ta hannun wa zan aika ba.
Dija ta dawo. Ta zauna, ta dubi bencin da ba kowa, ta ce a hankali, "Malama, ina Zuhura?"
Na ce, an mai da ta wani wuri.
Ba ta tambayi wa ba, ni ma ban ƙara ba. Na ce su buɗe shafi na sittin. Akwai sauran atisaye goma a wancan babin, na tsallake su. Lokaci ne ya ƙure, ba wani abu ba.