Ranar da Babanka Ya Yi Barci a Durƙushe

Zuwa ga jikana, maigidana da ya gudu ya bar ni da cefane,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da amaryarka da 'yar jaririyar da har yanzu a hoto kawai na san ta. Allah ya raya ta, ya sa ta ɗauko hancin uwarta, don naka ba abin gado ba ne. Mu ma muna nan lafiya gwargwado. Gwiwata ta hagu ta daina yi mini biyayya, ta dama kuma tana shawarar bin ta. Gwaggonka ta sauka lafiya, an samu namiji, kawunka direba ya sa haƙoran roba guda biyu, yanzu yana ta yi wa mutane murmushin da ba su roƙa ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya. Na zaɓi takarda ne don a waya kana katse ni.

Na ji ka kira mamarka kana ta faɗa, wai an wulaƙanta babanka, an karɓe makullin coci daga hannunsa bayan shekara ashirin da biyu, har kana neman lambar fasto ka wanke shi tas. Ajiye wayarka. Fasto bai karɓi komai ba, ni na ɗauke makullin. Zan ba ka labarin da kaina, don mamarka in ta fara labari kuka ke cinye rabinsa.

Ka san babanka. Tela ne a suna, amma keken ɗinkinsa ya fi shi sanin hutu. Shi ke buɗe coci, shi ke shara, shi ke jera benci, shi ke tayar da janareta, shi ke gyara lasifika in ta fara kuka. Litinin taron dattawa, Laraba addu'a, Alhamis koyon waƙa, Asabar ziyarar marasa lafiya. Rigunan mawaƙa talatin shi ya ɗinka, kuma duk wadda ta yi ƙiba wurinsa take kawowa a buɗa mata. Tun bara na ga ya canja. Ya rame har wuyan rigarsa na yawo. Ya daina rera waƙa a kan keke. Ya ɗinke wa wani mutum hannun riga ruf kamar buhu, mutumin ya tafi bai dawo ba. Wata rana da hantsi na leƙa shagon na same shi riƙe da almakashi yana hawaye, na tambaye shi, ya ce zare ne ya shiga masa ido. Daga baya ya gaya wa mamarka cewa in ya durƙusa addu'a ba ya jin komai, kamar yana magana da bango, kuma yana tsoron Allah ya juya masa baya.

To, sai ranar Lahadin nan. Bayan wa'azi fasto ya sa kowa ya durƙusa, aka yi doguwar addu'a. Da aka gama ya ce ana neman wanda zai riƙa kula da sabbin banɗakunan da aka gina a bayan coci, duk wanda Ruhu ya taɓa zuciyarsa ya ci gaba da durƙuso, sauran su tashi. Maigidana, ban taɓa ganin ikilisiya ta miƙe da sauri haka ba. Har ni da gwiwata na riga wasu samari. Mutum ɗaya ne ya rage a ƙasa, goshinsa a kan bencin gaba, wato babanka. Fasto ya nuna shi ya ce a dubi bawan Allah na gaskiya. Aka ɗau tafi, Maman Amin, matar nan da amin ɗinta ke tayar da jarirai, har da rawa. Sakatare ya rubuta sunansa. Tafin na lafawa sai aka ji minshari. Kafin wani ya taɓa shi ya zame gefe, kansa ya bugi ƙafar benci, goshi ya fashe.

Dariya aka yi. Mawaƙan da ke sanye da ɗinkinsa suka rufe baki da littafin waƙa kafaɗunsu na rawa. Ni ma ba zan yi maka ƙarya ba, ta kusa ƙwace mini kafin na ga jini. Kuma ba wanda ya goge sunansa daga aikin banɗakin.

Ranar Talata dattawa uku suka zo gida. Na ɗauka dubiya ce, har na sa mamarka ta kawo ruwa. Ashe gargaɗi suka kawo. Babbansu, Dattijo Mai Tumbi, wanda bai taɓa ɗaga benci ba sai dai benci ya ɗaga shi, ya ce barci a wurin addu'a alamar sanyin ruhu ne, kuma mai bangaskiya ba ya gajiya. Suka yanke masa azumin kwana uku. Likitan da ya ɗinke goshin ya riga ya ce jininsa ya hau, ya ci abinci ya sha magani ya kwanta. Babanka ya ajiye maganar likita ya ɗauki ta Mai Tumbi. A rana ta biyu mamarka ta tsince shi a zaune a bakin ƙofar shago bai san inda yake ba. Ranar Asabar kuma, da bandeji a goshi, ya ɗauki bokiti ya tafi wanke banɗaki.

Shi ya sa da safen Lahadi, bayan ya buɗe coci ya dawo yin wanka, na zare makullan daga ƙusar bayan ƙofa na ƙulle a bakin zanena. Da aka zo lokacin shaida na ɗaga hannu. Suna son shaidata don ina ba su dariya. Na dogara sanda har gaba, na zube makullan a kan tebur, na karɓi makirufo na ce, "Na ba Allah ɗana, ban ba ku jaki ba." Daga nan na tona komai: kukan shago, rigar da ta zama buhu, addu'ar da ta zama bango. Na ce Ubangijinmu da kansa ya yi barci a cikin jirgi da ya gaji, ba wanda ya yanke masa azumi. Na ce wanda ya yi sama da ƙasa ma ya huta kwana ɗaya, balle tela mai hawan jini. Babanka yana tsaye kusa da lasifika, kansa a ƙasa. Na san na tsiraita shi a gaban mutanen da yake jin kunya. Da gangan na yi, don in na yi masa magana a ɗaki sai ya ce to Mama, ya ɗauki tsintsiya.

Yau mako uku ke nan bai ce mini uffan ba. Yana gaishe ni ta bakin mamarka kamar muna ƙasa biyu. Amma yana ci, yana barci har rana ta haska ɗaki, jiya ma na ji keken yana tafiya da 'yar waƙa a ƙasa ƙasa. Aikinsa mutum biyar aka raba wa, kuma cocin bai faɗi ba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, na kuwa faɗa masa a fuska don ya shiga sosai. A cikin mako ukun nan ba ko mutum ɗaya da ya zo duba goshinsa.

Sai shekaranjiya ga Mai Tumbi da sakatare, baki har kunne. Wai ikilisiya ta yafe masa, ya dawo bakin aiki. Gaskiyar ita ce janareta ta ƙi tashi Lahadi biyu, warin banɗakin kuma ya fara yi wa masu wa'azi gardama. Na ga idon babanka ya yi haske kamar yaron da aka kira cin abinci. Ya ce su ba shi zuwa ƙarshen wata, zai yi shawara da kai, tunda kai ne mai ilimin gidan.

To ga abin da ya sa na ɓata biro. Zai kira ka. Kada ka ce masa ya yi addu'a a kai, don ya ɗauka duk muryar da ta ce masa tashi ka yi aiki ta Allah ce. Ka ce masa a'a. Ka ce ya je coci ya zauna a benci kamar kowa, a yi masa wa'azi shi ma, in ya so bayan shekara ya zaɓi aiki ɗaya tak. In kuwa ka ga ba za ka iya ce wa ubanka a'a ba, to ka aiko masa da awonka ya ɗinka maka baƙar riga tun hannunsa na iya riƙe almakashi, don za ka buƙace ta kafin 'yarka ta fara tafiya. Ni ba zan zo jana'izar ba. Na gwammace ya yi ta fushi da ni yana numfashi.

Ka gaishe mini da amaryarka, ka ce ta riƙa ɗura maka abinci. Ka sumbaci jaririya. Mamarka, gwaggonka da kawunka direba duk suna gaisuwa. Babanka bai san na rubuto ba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da gidanku.

Ni ce uwargidanka da ba ta saki,
Kakarka