Sawun Haƙori a Bakin Sigarin Lantarki

Zuwa ga ɗana Tanko, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk lafiya lau. Yayyenka suna gaishe ka. Ruwa ya sauka a Ɗan Gulbi har sun yi shuka, mu nan cikin gari muna jira.

Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani, don sati biyu ke nan in na kira ka sai ka ce kana aji, in na ce akwai magana sai layi ya lalace. Na san kana leƙa wannan shafin nawa na intanet. Sunan da muke kiranka a gida na sa, saboda haka baƙo ba zai gane ka ba, wanda ya gane kuma namu ne.

Saƙon da ka aiko wa babanka ta tasha ya iso yau wata guda: ƙarfe mai kama da ƙaramin toci, kwalba biyu na wani ruwa mai kauri, da igiyar sa masa wuta. Ka ce sigarin lantarki ne, sabo fil, daga shagon wani abokinka, kuma zai taimaka masa ya bar taba. Niyyar ta yi kyau, Allah ya yi maka albarka a kanta. Ka san shekara talatin nake yaƙi da tabar nan. Na ɓoye ashana, na yi fushi, na kai ƙara wurin liman. Bara tarin safiya ya kai shi har ba ya iya gama alwala sai ya dafa bango.

Bayan kayan sai ga saƙonka na murya, minti bakwai cur. Ka ce a fara cika batirin. A ɗiga ruwan a kan audugar da ke ciki, a cika ƴar kwalbar da ke jikin ƙarfen, a jira kamar tsawon dafa shayin farko kafin a taɓa. A danna maɓalli sau biyar ya kunnu. A fara daga lamba 3,3, kada a yi gaggawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har tururin ya yi ɗumi. In an ji ɗanɗanon ƙonannen tsumma, an wuce wuri, a koma ƙasa. Kada a zuƙa da ƙarfi, a ja a hankali kamar mai shan kunu mai zafi. Kada a bar shi a rana, kada a haɗa shi da makullai a aljihu.

Sau huɗu na saurari saƙon. Na farko da na biyu don babanka ne. A na uku na daina jin bayanin, na koma jin mai bayanin.

Ka ce, “Baba, kwana na uku shi ya fi wuya, bakinka zai yi ɗaci, kanka zai yi nauyi, ka sha ruwa da yawa.” Ka ce, “In ya wuce 4,2 yana ƙona maƙogwaro, kada ka kai can.” Maƙogwaron wa ya ƙona, Tanko? Na yi koleji, na san muryar ɗalibin da ya haddace darasi, na kuma san muryar wanda ya yi abu da hannunsa.

Babanka dai bai bi ko ɗaya ba. Dillalin dabbobi ne, a wurinsa babbar lamba ita ce mai kyau, kamar ragon da ya fi nauyi. Ranar kasuwa ya zuba ruwan bai jira ba, ya murɗa shi har 4,8, ya zuƙa a gaban amininsa Agali mai raƙuma. An ce ya yi tari har rawaninsa ya warware. Agali ya ce masa, “Shekara talatin sigari ya kasa ka, yanzu ɗanka ya aiko da inji ya ƙarasa aikin.” Ya dawo gida idonsa jajir, ya jefa abin a kan tabarma, ya ce, “Mayar masa da kayansa, tsumma ya aiko mini in sha.”

Ni na ɗauka. Na sa tabarau, na sake kunna saƙonka, na cire audugar da ya ƙona na sa ta biyu da ka haɗo a cikin kwalin saƙon. Na ɗiga ruwa, na jira, na mayar da lambar ƙasa. Wannan harafin V da ke gefen lambar a jikin ɗan gilashin abin ba baƙo ba ne a wurina, mun yi shi a darasin fizik, ma'aunin ƙarfin wuta ne. Ka dubi abin kunya: ni da nake tsayawa a taron mata ina cewa taba ɓarnar dukiya ce da ɓarnar jiki, ni ce zaune a tsakar gida ina ɗura wa mijina ruwanta. A 3,6 ya tsaya. Ya ce nan ya yi masa daidai.

A wurin goge abin ne na ga sawun.

A bakin da ake sa wa a leɓe, ta gefen hagu, akwai ƴan ramuka biyu na haƙori. Babanka ba shi da haƙoran gaba na sama tun da bijimi ya tunkuye shi a Rumbu, kuma sau ɗaya tak ya sa abin a baki kafin ya zo hannuna. Ni kuwa na san sawun nan. Shi ne a murfin kowane bik na rubutu da na saya maka tun daga ajin farko har ka ci jarabawar bak ta gama sakandare. Na sha bugun hannunka a kansa. Na juya abin na duba maɓallin, fentinsa ya goge daidai inda babban yatsa yake zama. Sabon kaya ba ya zuwa da gogaggen fenti.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Da ka zo babbar Sallah, na wanke rigunanka na ji ƙanshin mangwaro, alhali ba lokacinsa ba ne. Ka ce turare ne na ƴan birni. Kana cikin hira da mutane sai ka miƙe ka zaga bayan turken awaki, wai can layin waya ya fi kamawa. Har daɗi na ji a raina, na ce wa yayarka yaron nan ya samu yarinya, mu fara shiri. Ruwan kwalbar da ka aiko wa babanka ma na mangwaro ne.

Ban yarda da abin nan ba, kuma zan faɗa maka dalili. Sigari yana da wari, warin nan kuwa gargaɗi ne, shi ke tona asirin mai sha tun daga zaure. Su kuma waɗannan sun cire warin, sun sa ƙanshin kayan marmari, sun ƙara ƴar fitila da lambobi da mutum zai riƙa murɗawa yana jin shi gwani ne. Don tsoho mai tari aka yi wannan kwalliya? Ban ga alama ba. Don irinku aka yi ta.

Da na je awon hawan jini na tafi da kwalbar a jaka na nuna wa majo, babban ma'aikacin asibitinmu. Ya ce tunda mijina ya bar sigari a kansa, in ƙyale shi, amma a sa rai shi ma wannan za a bar shi. Ya ce sinadarin da ke kama mutum a taba, nikotin, yana nan a ciki, kuma ba wanda zai rantse mini a kan abin da tururin zai yi wa ƙirji bayan shekaru masu yawa. Ya nuna mini wata lamba a jikin kwalbar, 12, ya ce wannan ita ce ƙarfin sinadarin, daban take da lambar wutar. Ana sauka daga sha biyu zuwa shida, zuwa uku, har a kai ruwan da babu komai a ciki. Na tambaye shi, to yaro mai asma fa? Ya ce, “Madam, wannan ko kusa da shi kada ya je.” Ban gaya masa yaron wa nake nufi ba.

Ka manta ƙirjinka ne? Ni ban manta ba. Kana shekara shida na goya ka da rana tsaka, ƙafafunka suna jan ƙasa don ka yi wa goyo girma, numfashinka yana fito a bayan kunnena har bakin asibiti. Daga ranar na hana babanka shan taba a cikin gida. Kai kuma in ya shigo sai ka toshe hanci ka ce, “Inna, ni in na girma ba ni sha, wari gare shi.” Na ɗauki maganar yaro na ajiye kamar alkawarin babba. Wataƙila nan ne kuskurena. Na zuba ido a kan uban, na saki jiki da ɗan.

Abu biyu ne, ban san wanne ba. Ko dai ka sha sigari a ɓoye har ka nemi mafita da wannan, ko kuma da shi ka fara, kai da ba ka taɓa shan komai ba. Kowanne ne, ƙaryar ta fi ci mini rai. Ka aiko da abin da ka tauna da bakinka ka ce sabo ne. Kuma na san halin mutum: wanda ya ba da tsohon nasa, ya riga ya sayi wani.

Na yi niyyar jefa shi a masai, sau biyu ina ɗauka ina ajiyewa. Abin da ya hana ni shi ne yau kwana ashirin da uku babanka bai kunna sigari ba. Yana gama alwala a tsaye. A kasuwa yana bugun ƙirji da kai, wai ɗansa na Yamai ya yi masa abin da liman ya kasa. Ban gaya masa abin da na gani ba. Ba ya karatun boko, ba ya leƙa nan, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan, don Allah kada ya kai masa kasuwa. In zai ji, daga bakinka ya kamata ya ji.

Ɗana, na yi faɗa ya isa. Na san birni da kaɗaici, na san jarabawa tana matsa ka, na kuma san ba ka aiko da abin nan ba sai don ka ji tarin babanka a waya ya dame ka. Wannan zuciyar ita nake nema yanzu. Ba zan tsine maka ba, ba zan tara maka kawunnai ba. Ba kuma zan tambaye ka ko kana sha ba, don kada in sa ka yi mini ƙarya ta biyu.

Ka ɗauki kwalbarka ka duba jikinta, ka turo mini lambar da ke rubuce. Ko gaisuwa ba sai ka haɗa ba, lambar kawai. Bayan sati biyu babanka zai sauka zuwa shida. Ina so ku sauka tare, shi a nan, kai a can, ni ina lura da ku duka biyu har a kai babu.

Allah ya tsare maka ƙirjinka, ya tsare harshenka daga ƙarya, ya raba ka da duk abin da zai mallake ka ban da bautarsa. Allah ya ba ka sa'ar jarabawa, ya dawo mini da kai kana numfashi wasai. Amin.

Wayata tana hannuna.

Ni ce innarka,
daga Dakoro.