Ba Zan Aiko Maka da Tsarin Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓin da ya kwantar da ni mako uku. Kada ka gaya mata.

Ka ce in aiko maka da sabon tsarin shekara biyar na cocinmu na nan, don ku dattawa ku yi koyi. Yaya, ba zan aiko ba. Wata shida shugabanninmu suna taro, suna manna takardu masu launi a bango. Da suka gama, sai suka rushe ƙungiyar matan da ke duba marasa lafiya, wai ta zama tsohon yayi. Yanzu fom ake cikawa a waya.

Na cika. Ko ruwa da rarrafe nake ɗebowa, amma ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ranar da na miƙe, saƙo ya shigo, wai in ba kulawar coci maki, daga ɗaya zuwa biyar. Tir! Na nemi sifili, babu.

Ubangiji ya tsare ku. Don Allah ku ƙyale su Mama da kwanon abincinsu da ziyararsu.

Ƙanwarka