Kujerar Bakin Taga Don Efren

Sham Shui Po, Hong Kong
Litinin, 10 ga Maris

Zuwa ga Yaya Nenita,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya gwiwar taki da kika ce tana damunki in an yi ruwa? Allah ya ba ki sauƙi, ya ƙara miki ƙarfi, don nauyin da zan ɗora miki ba ƙarami ba ne. Mu dai muna nan yadda kika sani. Innata ta shiga tamanin da tara, ba ta gane kowa sai ni, ni ɗin ma ba kullum ba. 'Yarmu Wing-sze ta kira daga Manchester, cikinta ya tsufa, likita ya hana ta hawa jirgi.

Yaya, na yanke shawara. Ƙaninki Efren zai taso ranar Alhamis ta makon gobe, da ma'aikaciyar jinya da za ta raka shi har garinku Iloilo. Na kasa faɗa miki a waya, don in kuka ya zo mini Turancina guduwa yake yi.

Kin san shi da garin nan. Wata uku aka ɗauko shi ya kaɗa jita a otel, ga shi yau shekara talatin da ɗaya. Har gobe tsoho Lo mai jarida a ƙasan benenmu Baƙo yake ce masa. In ya hango shi sai ya tambaye shi yaushe ne tafiyar, a haɗa masa tsaraba, shi kuma ya ce haba tsoho, sai ya ga ƙarshen fim tukuna. A silima ya koyi yarenmu, finafinan 'yan daba kuwa, har ranar da ya fara zuwa gaida Inna ya yi mata magana kamar yana gaban ubangidansu. Ta juyo ta tambaye ni a wane gidan yari na tsinto wannan. Amma shekara ba ta zagayo ba su biyun ke zama gaban talabijin, suna ɓare gyaɗa suna tsine wa mugun cikin wasa. Kiɗa ya kai shi Tokyo, ya kai shi Bangkok da Seoul, kowace tafiya ya dawo da jaka cike da kaset da labarin abin da ya ci a bakin titi. Duk da haka cewa yake nan ne kaɗai garin da mai shayi zai dangwara maka kofi, ya harare ka, ka kuma ji kana gida.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Satumba, yarenmu ya fita daga bakinsa, Turancin ma haka. Naku ne kawai ya rage, wanda ya sha a nono, ni kuwa ban taɓa koyon ko kalma goma ba, don shi ne ya zo gare mu da komai nasa. Sai ya yi ta magana yana kallona, in kawo ruwa, ba shi ba ne, in kawo bargo, ba shi ba ne, har ya gaji ya juya fuska bango. Abin da ke kashe ni shi ne in rediyo ya saki tsohuwar waƙa, zai bi ta da yarenmu tiryan-tiryan, ba ya ɓata ko harafi. Waƙar na ƙarewa shi ke nan. Ga mu a hawa na bakwai, bene ba na'urar hawa. Mutumin da ba ya iya wuni a ɗaki, sau huɗu ya taka ƙasa cikin wata shida. Inna a wannan gado, shi a wancan, ni a tsakani da hannu biyu.

Jiya na roƙi maƙwabta suka sauko da shi a kujera. Lo ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya kasa, ya cusa masa jaridar tseren doki a cinya ya shige rumfarsa. Na tura shi a keken marasa lafiya ta kasuwar kayan lantarki, muka tsaya ya sha shayi mai madara da cokali, rabi a bakinsa rabi a riga. Daga nan muka shiga jirgin fito. Muna tsakiyar ruwa ya fara magana yana nuna benaye, yana maimaita abu guda. Wata mata 'yar aikin gida da ta fito hutun Lahadi tana kusa da mu, sai na ga ta zabura. Ashe 'yar wajenku ce. Ta durƙusa gabansa suka yi ta zuba, har ya yi dariya. Rabona da jin dariyarsa tun kafin ciwon.

Na ce ta faɗa mini abin da yake cewa. Ta ce baiwar Allah, kin tabbata? Na ce na tabbata. Ta ce ya san da tafiyar, ya ga akwatin da na ɓoye bayan labule, shi ba yaro ba ne. Wai in daina kuka a banɗaki ina sakin famfo, bangon gidan ba kauri gare shi ba. Wai bai yi fushi ba, shi ma ya gaji da ganin bayana yana tanƙwarewa. Roƙonsa ɗaya ne, a ba shi kujerar bakin taga a jirgi, yana son ya ga garin daga sama har ya ɓace. Yaya, makonni ina neman yadda zan faɗa masa, ashe shi ma yana neman yadda zai sauƙaƙa mini. Yau da safe na je na sa aka canza masa kujerar.

Ki yi haƙuri da shi. Zai raina shayinku, zai ce garinku ya cika shiru, kada ki sa a zuci. Maganinsa da takardun likita suna aljihun gaba na akwatin. Ni ba zan iya barin Inna ba, kuma ban san ranar da zan zo ba, don ranar da zan samu dama ita ce ranar da ba na son gani.

Ki gaishe mini da Yaya Rudy, da Jonalyn da mijinta, da Gwaggo Pacing in tana tuna ni. Ki ce musu na riƙe muku shi iyakar ƙarfina.

Taki har kullum,
matar ƙaninki,
Suk-han